Ɗan sahu mai takunkumi

Korona ta zo ta wuce, mutanen Kano suka yar da takunkumi tun kafin a ce a yar, amma ni nawa bai bar fuskata ba sai a daminar 2023. Wanda ya tambaya sai in ce ƙura ce da hayaƙin salansa, kuma duk wanda ya taɓa maƙalewa a cunkoson Ƙofar Ruwa da la'asar ya san akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Amma ba shi ne dalili ba. Da safe ni ɗalibi ne a Jami'ar Bayero, da yamma ina jan adaidaita sahu, kuma na ɗaure wa kaina cewa mutanen nan biyu ba za su taɓa haɗuwa ba.

Ni ɗan wani ƙauye ne a gefen Kazaure. Baba manomi ne, gero da dawa da ɗan riɗi, da rani kuma ya ɗaure tumaki biyu ko uku. A gidanmu babu wanda ya taɓa wuce sakandare. Da sunana ya fito a sashen nazarin tattalin arziki, raguna biyu ne suka tafi kasuwa suka dawo a matsayin kuɗin rajista. Na shigo Kano a 2019, bayan an janye yajin aikin malaman jami'o'i da aka fara a Nuwamba 2018 aka ƙare a Fabrairu. Wato tun ban ga ƙofar aji ba aka fara koya mini jira.

A gidan Kawu na sauka, ƙanen Inna, a Kurna. Yana sayar da kayan gyaran mota a kasuwar Ƙofar Ruwa. Daren da na iso ya zaunar da ni a soro ya ce, "Ci da kwana a wuyana suke. Kuɗin mota kuwa tsakaninka da ubanka." Aka haɗa ni da samarin gidan a shagon ƙofar gida, mu huɗu, katifa biyu, fanka ɗaya da sai an tura ta da tsinke take tashi. Kawu har gobe "Abdullahi Bayero" yake ce wa makarantar, sunan da ta ci tun tana kwaleji daga 1962, kafin ta zama cikakkiyar jami'a a 1977. A tunaninsa kuma duk jami'ar ita ce wannan tsohuwar da ke jikin ganuwa. Da na ce masa ajinmu yana sabuwar makaranta, can kan titin Gwarzo bayan Rijiyar Zaki, sai ya yi shiru, ya ce, "To, Allah ya ba ka ƙafa."

Addu'ar ta ci. Wanda bai yi jeka-ka-dawo a babban birni ba ba zai gane cewa hanya ma kwas ce mai zaman kanta ba. Ina idar da sallar asuba zan sha kokon da Umma, matar Kawu, ta dama wa yara, in fito titin Katsina. Sahu ɗaya zuwa Tal'udu, ta Gwammaja da Goron Dutse. Daga Tal'udu in taka da ƙafa zuwa Kabuga don in tsira da naira 50. A Kabuga kuma sai kokawa: ɗalibai, 'yan kasuwa, ma'aikata, kowa yana neman abin hawa zuwa Janbulo, Rijiyar Zaki, Rimin Gata. Ranar da lakca take ƙarfe takwas, idan bakwai ta yi maka a Kabuga to ka san a bayan aji za ka tsaya, kana ganin bakin malami yana motsi. Kuɗin da Baba yake aiko mini duk wata na raba su gida uku a ƙwaƙwalwata: mota, fotokofi, ciki. Ciki ne kullum yake haƙuri.

A satin farko Inna ta kira ni a wayar maƙwabcinmu. Na ɗaga ina raɗa, na ce, "Inna, ina tiyata, zan kira ki in na fito." Ban kawo komai a raina ba, don haka kowa yake kiran manyan ɗakunan lakca masu kujeru hawa-hawa. Kafin azahar labari ya zaga ƙauyenmu cewa an yanka ni a asibiti. Kawu ya rufe shago ya taho gida hankali a tashe, Baba ya riga ya tsaya bakin titi yana jiran motar Kano. Har yau in na je gida akwai tsohuwar da take tambayata yaya wurin ɗinki.

Cikin tiyatar nan na fara sanin cewa ɗalibai iri-iri ne. Akwai waɗanda ake saukewa a mota mai sanyi, akwai masu tuƙo tasu. Akwai 'yan hostal da za ka gane su da silifas da idon da bai ƙoshi da barci ba. Akwai masu haya a Ɗanbare, su biyu ko uku a ɗaki. Akwai matan aure da ke barin jariri a hannun 'yar raino a gindin bishiya, su fito tsakanin lakca da lakca su shayar. Akwai dattawa ma'aikata da suka haife mu, suna zama a layin gaba da biro kala uku. Sai mu, 'yan makarantar gwamnati ta ƙauye, da muka ci Turanci a takarda amma bakinmu bai saba da shi ba. Ranar da malami ya nuna ni ya ce in yi bayanin abin da ke faruwa da farashi idan kaya suka yi ƙaranci, amsar tana kaina tsaf, don na ga yadda gero yake tashi a watan Yuli tun ina yaro. Amma da na buɗe baki sai harafin nan da Bahaushe yake rikitawa da "f" ya kayar da ni, aji ya kwashe da dariya. Dariyar ba ta kai minti ɗaya ba. Ni kuwa na ɗauke ta na kai ta har aji uku.

Daga ranar na fara gyara kaina, gyaran da ba na Allah ba. Ina da shadda ɗaya mai kyau, ta sallah. Na dinga wanke ta da daddare ina kai ta guga bashi. Na ari takalmin ɗan Kawu. Wanda ya tambaye ni unguwa sai in ce "titin Katsina", in bar shi ya zaɓa mini gidan da ya ga dama. Wanda ya tambayi sana'ar mahaifina sai in ce yana harkar hatsi a Dawanau. Ƙarya ce mai kunne ɗaya: Baba yakan kai buhu biyu ko uku na riɗi kasuwar Dawanau bayan kaka, shi ke nan harkar. Abin da ya fi ba ni kunya yanzu shi ne babu wanda ya tilasta ni. Ni na tsara, ni na haddace, ni na dinga biyan kuɗin guga.

Mutum ɗaya ne bai saya ba, wani ɗan Gombe da muke zama kusa. Shi a hostal yake. Wata rana da azahar ya ga na ce ina azumi alhali Laraba ce, sai ya ja hannuna ya ce, "Taho ka karya, ladan na wuyana." A ɗakinsu na san abin da ake kira tukunya ɗaya. Su shida ne a hukumance, da mu 'yan raɓe mukan kai tara. Kowa ya kawo abin da aka haɗo masa daga gida: wannan shinkafa, wancan wake, wani manja, wani yajin ƙuli. Akwai Bayerabe ɗan Ilori da yake da garin kwaki mai tsami wanda ko sukari babu sai ka sha. Akwai wani Kirista ɗan kudancin Kaduna da ya fi kowa iya garau-garau, kuma da azumin Ramadan shi yake tashinmu sahur saboda shi ne mai karatun dare. Risho ɗaya ne, kuma ranar da kananzir ya ƙare sai a bi layin girki a ɗakin maƙwabta. Idan wata ya yi nisa sai a koma tsarin da ɗalibai suke kira ziro-wan-ziro: babu safe, akwai rana, babu dare. Wanda aka turo wa kuɗi ranar shi ne sarki, zai kai mu wurin mai shayi a soya Indomie da ƙwai, a raba biredi ɗaya gida huɗu.

Lokacin jarrabawa a nan nake tarewa. Bayan isha'i mu ɗauki darduma da ruwan leda mu tafi aji kwanan karatu. Sauro ya ci rabonsa, mu ci namu. Wajen ƙarfe biyu za ka ga kawuna sun fara faɗuwa a kan benci ɗaya bayan ɗaya, wani ya tashi ya yi alwala don ya kori barci, wani yana zagaye fitila yana haddar ma'anoni kamar mai tilawa. Da asuba mu yi sallah, mu watsa ruwa, mu shiga. Na ci ajin farko lafiya, ba yabo ba fallasa.

Sai 2020. A watan Maris aka rufe makarantu saboda korona, malaman jami'o'i kuma suka shiga yajin aikin da bai ƙare ba sai ƙarshen Disamba. Na koma ƙauye na yi noman damina cur, daga shuka har girbi. A nan lauje ya yanke ni a bayan hannun hagu, ya bar mini tabo kamar jinjirin wata. Mutanen gari kuwa kowa ya gan ni da fartanya sai ya ce, "A'a, ɗan jami'a, an gama ne?" Tun ina bayani har na koma cewa saura kaɗan.

Da aka dawo a 2021 sai na dawo da yunwar birni. Na shiga harkar siyasar ɗalibai, ba don ina da wata manufa ba, sai don a dinga ganina da masu mota. Muna yawon kamfen daga wannan tsangaya zuwa waccan, ana raba lemo, ana kirana da wani laƙabi da na ji daɗinsa. Kwas ɗin ƙididdiga kuwa ƙarfe takwas na safe ake yinsa, kuma lissafi ba ya son a ba shi labari, sai an zauna da shi. Na rasa tes ɗaya, na shiga jarrabawa da ƙoƙon bara. Ranar da aka kafe sakamako na bi lambata da yatsa na ga abin da na shuka. Keri-oba, wato na faɗi kwas ɗin, sai na maimaita shi. Malamin bai zalunce ni da ko maki ɗaya ba. Ni ma da ni ne shi abin da zan bayar ke nan. Da Baba ya kira ya tambayi jarrabawa na ce, "Alhamdu lillahi, an ci." Ƙarya ta biyu ke nan, kuma ta fi ta farko nauyi, don wannan wanda ya sayar da raguna aka yi wa.

Ranar 14 ga Fabrairu 2022 aka sake tafiya yajin aiki. Aka ce na wata ɗaya ne, aka ƙara, aka sake ƙarawa. Wannan karon na ƙi komawa ƙauye, ba zan iya da "an gama ne?" ba. Babban ɗan Kawu yana jan sahu, na wani Alhaji ne, yana kai masa balans kullum. Ganin ina kwana ina tashi a shago ba aikin fari ba na baƙi, sai ya ce, "Malam ɗan boko, zo in koya maka abin da ake ci da shi." A wani fili bayan unguwa ya koya mini giya da kuloci. Sati biyu ina zama gefensa ina karɓar kuɗi ina ba da canji, ina haddace hanya. Daga nan ya fara ba ni ɗani: shi ya yi daga safe zuwa la'asar, ni in karɓa zuwa dare, in cika mai, in ba shi rabin balans, abin da ya ragu nawa.

Sahu makaranta ce da ba ta da hutu. Tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano a farkon 2013, ita ce ƙafar talaka, kuma duk abin da ke cikin garin nan sai ya hau bayanka. Na ɗauki mai naƙuda, na ɗauki amarya da ƙawayenta, na ɗauki buhun barkono da ya sa ni atishawa tun daga 'Yankura har Bachirawa. Na san fasinjan da zai ce "sauke ni a nan" ya shige lungu ya bar ka kana jiran canjin da ba zai dawo ba. Na san tsohuwar da za ta ba ka rabin kuɗi ta cika da addu'a, kuma ka karɓa kana godiya. Na san ƙarar da fulogi yake yi in ya kusa mutuwa, da mai facin da ba ya ha'inci. A watan Yuli na shekarar gwamnatin jiha ta hana sahu yawo daga ƙarfe goma na dare zuwa shida na safe, sai aikin nawa ya matse tsakanin la'asar da goma, kowane minti da kuɗinsa. Abin dariya, a nan na fahimci rabin abin da aka koya mana a aji. In hadari ya haɗo kuɗin mota ya tashi, in sahu sun yi yawa a layi ya faɗi. Babu wanda ya tambaye ni da Turanci.

Ranar 14 ga Oktoba aka janye yajin aikin, wata takwas cif. Na koma aji, amma ban saki sahu ba, don a karon farko a rayuwata ina sayen handawut ba tare da na fasa cin abinci ba, har ina aika wa Inna ɗan na goro. A nan takunkumi ya shigo. Na sayi baƙi, na haɗa da hular sanyi da tsohuwar rigar ɗan Kawu. Na kafa wa kaina doka: ba na bin titin Gwarzo, ba na bin gaban tsohuwar makaranta, ba na tsayawa a Kabuga. Layina Kurna, Bata, Sabon Gari, Kantin Kwari. Ko shata aka ce mini zuwa wajen jami'a sai in ce mai ba zai kai ni ba. Ɗan Gombe kaɗai ya sani, shi ma cewa ya yi, "Kai dai wahala ce ba ta ishe ka ba, har da ta ɓuya."

Farkon 2023 aka shiga wahalar takardun kuɗi, bayan an sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000. Fasinja zai hau ya ce sai dai tiransifa, ku tsaya a bakin titi kuna kallon waya tana juyawa, na baya suna zagi. A makaranta ɗalibi yana da kuɗi a asusu amma ba shi da na awara. Ni kuwa da nake kwana da 'yan canji a aljihu sai na zama mai taimako, ina ba abokai tsabar kuɗi suna turo mini. Suka ɗauka arzikin Dawanau ne. Ban musa ba. Ba a gama farfaɗowa ba, ranar 29 ga Mayu sabon shugaban ƙasa ya ce tallafin mai ya tafi. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwana biyu. Kuɗin mota ya ninka, fasinja suka ragu, Alhaji kuma bai rage balans ba. Da safe sai ka ga ɗalibai jere a gefen titin Gwarzo suna takawa, wasu da shadda da agogo, suna yi kamar motsa jiki suke. A shekarar ce kuma kuɗin rajista ya tashi a jami'o'in tarayya da dama. Akwai 'yan ajinmu da tun daga lokacin ban sake ganinsu ba.

Wata Lahadi a cikin Agusta, bayan la'asar, ruwa ya tsuge ina bakin Kantin Kwari. Na sauke labulen gefe ina jiran ya tsagaita, sai kawai na ji an faɗo baya da ledoji, mata uku, suna dariya suna karkaɗe mayafi. "Malam, Gadon Ƙaya, shata." Muryar ta shige ni kamar allura. 'Yar ajinmu ce, wadda take zama a layi na biyu, wadda na taɓa ara wa littafina, wadda saboda ita rabin kuɗin gugar nan ya tafi. Sauran biyun ban san su ba. Sun riga sun zauna, ruwa kamar da bakin ƙwarya, babu yadda za a yi in ce su sauka. Na ɗaga yatsu na nuna kuɗi ba tare da na yi magana ba. Ɗaya ta ce, "Wannan kurma ne?" Suka yi dariya. Na ja hula na tayar.

Ban taɓa jin nisan hanyar nan ba sai ranar. Ruwa ya cika titi, ina lalube ramuka da ƙwaƙwalwa, gilashi ya yi hazo ina gogewa da hannun riga. Su kuwa suna hirar atamfa da kuɗin ɗinki. Ita ba ta cika magana ba. Sau ɗaya na saci kallonta a madubi na ga titi take kallo, na ce Allah na gode. Da muka isa ƙofar gidan, biyun suka kwashi ledoji suka ruga soro. Ita ta tsaya ta buɗe jaka a nutse, ta miƙo kuɗin, ta ce, "Ga shi, Malam, an gode." Na karɓa. Har ta juya, sai ta ɗan sunkuyo ta yi ƙasa da murya yadda ni kaɗai zan ji.

"An dawo da tes ɗin gobe ƙarfe takwas, ba goma ba. Na ga ba ka buɗe guruf ba."

Ta shige gida. Na fi minti goma a wurin inji yana aiki, mai yana ƙonewa, mai na naira 600 da wani abu. Na ciro waya na duba WhatsApp, haka ne, kilas-ref, wato wakilin aji, ya sanar tun azahar. Kuma tes ɗin na ƙididdiga ne, wanda nake maimaitawa tare da 'yan ƙasa da mu. Ita ba ta cikin kwas ɗin, ta ci nata tuntuni. Wato ta san da sahu, ta kuma san da keri-oba. Na kai wa ɗan Kawu mashin tun kafin magariba, na ce yau ba ni da lafiya, na kwana a kan littafi.

Washegari na yi tes, na fito na same ta a gindin bishiyar da suke zama. Na shirya jawabi tun dare, amma da na tsaya sai na ce kawai, "Ta yaya?" Ta nuna bayan hannuna na hagu. Ta ce tun ranar da na miƙa mata littafi ta lura da tabon, don kakanta ma yana da irinsa, kuma lauje ne kaɗai yake yin wannan yankan. Ta ce, "Masu harkar hatsi a Dawanau ba sa yanka da kansu." Ba ta yi dariya ba, ba ta kuma yi mini wa'azi ba. Ta ce in zan dinga biyowa ta Gadon Ƙaya da safe in gaya mata, ita da ƙawayenta biyu za su dinga biya na wata, don su ma kuɗin mota ya fi ƙarfinsu.

Haka aka yi. Na sake tsari da ɗan Kawu, na karɓi safiya a ranakun da nake da lakcar takwas. In ɗauko su, in ƙara mutum ɗaya a Kabuga, in ajiye mashin wurin wani mai faci a Rimin Gata, mu shiga aji tare. Ranar farko da na tsaya a Kabuga fuska a buɗe ji na yi kamar ba riga a jikina. Wasu sun yi gulma, kwana uku. Wani da muke yawon kamfen tare ya daina amsa sallamata, har yau. Amma a cikin satin wani ɗan gayu da nake jin tsoron takalminsa ya ja ni gefe ya tambaye ni yadda ake samun ɗani, wai shi ɗinki yake yi da daddare a Fagge kuma ido ya fara ba shi matsala. Mutane suna tambayata ko ni da ita mun daidaita. Ba mu daidaita ba. An yi bikinta muna aji huɗu, ni na yi jigilar ƙawayen amarya, kuma an biya ni.

Saura Baba. Bayan kakar shekarar ya kawo riɗinsa Dawanau, ya kwana a gidan Kawu. Da daddare a soro na durƙusa na gaya masa duka: sahu, da kwas ɗin da na faɗi na ce na ci. Maganar sahu ko gezau, ashe Kawu ya gaya masa tun watan da na fara. Keri-oba ce bai gane ba. Na ce kamar shuka ce ta ƙi fitowa a wani gefen gona, sai an sake. Ya ce, "Ruwa ne bai sauka ba, ko kai ne ba ka je gonar ba?" Na ce ni ne ban je ba. Ya daɗe yana jan carbi. Sannan ya ce, "Faɗuwar ba ta dame ni ba. Alhamdu lillahin da ka sa na yi a kan abin da babu, ita ce ta dame ni." Ban taɓa jin duka mai zafin wannan ba. Na ce na sake kwas ɗin kuma na ci, wannan karon da gaske. Ya ce, "To gobe ka kai ni in ga wurin da aka yanka ka."

Da safe na goge mashin na shimfiɗa masa darduma a kujerar baya. Muka bi Gwammaja, Goron Dutse, Tal'udu. Na nuna masa inda nake sauka in taka, muka bi ta gadar ƙasa ta Kabuga yana riƙe da ƙarfe yana salati. Na ajiye sahu wurin mai faci muka shiga da ƙafa, shi da babbar rigarsa ta zuwa kasuwa da buta a hannu. Na kai shi tiyata, babu kowa a ciki, ya hau har kujerar ƙarshe ya zauna ya leƙo allo, ya ce, "Daga nan kake jin malami?" Na ce in na makara. Ya ce, "To ka ga dalili."

A hanyar fita ya tsaya gaban tambarin jami'ar, jinjirin wata da tauraro. Baba bai san ko harafi ɗaya na boko ba, amma ya yi allo shekara da shekaru. Ya matsa kusa, ya bi rubutun Larabcin da yatsa, ya karanta a fili: "Wa fauƙa kulli zi ilmin alim." Ya juyo ya ce, "Suratu Yusuf." Shekara kusan biyar ina wuce tambarin nan, yana kan katin shaidata, yana kan kowace takardar jarrabawa, ban taɓa tsayawa na karanta ba. Ya tambaye ni ko an koya mana fassararta. Na ce a'a. Ya ce in tambayi Kawu, shi ya gaji.

Na mayar da shi tashar da zai hau motar Kazaure. Da ya sauka ya ɗaga riga ya laluba aljihun ciki, ya ciro naira 500 da ta sha ninki, ya miƙo. Na ce, "Haba Baba." Ya ce, "Mashin ɗin naka ne?" Na ce a'a. Ya ce, "To mai shi yana jiran balans." Ya danna mini ita a hannu, ya ɗauki butarsa, ya shiga mota ya zauna kusa da taga. Wata mata da buhun albasa tana ta ɗaga mini hannu daga tsallaken titi, sai na juya na je na ɗauke ta.